Nazarin Lamari: Yadda Aka Keɓe Kwamfutoci Uku Daga Jadawalin autofs na Tsakiya Ba Tare da An Raba Su da Shi Ba

Yadda tsarin yake kafin matsalar

Wurin da wannan lamari ya faru sashen bincike ne a wata jami'a, inda kwamfutocin malamai da na ɗaliban digiri na biyu da na uku duk suke aiki da tsarin gudanar da kwamfuta na Rocky Linux 8, kuma duk an shigar da su ƙarƙashin FreeIPA, manhajar da ke riƙe sunayen masu amfani da kalmomin sirrinsu da ƙa'idojin shigarsu a wuri guda. Fayilolin mutane ba a kan kwamfutocin suke zaune ba. Suna kan uwar garke da ke ɗakin na'urori na cibiyar fasahar sadarwa ta jami'ar, ana kuma isa gare su ta NFS, tsarin raba fayiloli ta hanyar sadarwa wanda kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙiro a 1984.

Ba a ɗora waɗannan ma'ajiyoyi a kan kwamfutoci, wato a haɗa su da wata folda ta yadda za a gan su a ciki, tun lokacin kunna su. Aikin autofs ne ya ɗora su sa'ad da aka buƙata, dabarar da ita ma Sun ce ta fara fito da ita a SunOS 4.0 a 1988 kafin Linux ta sami tata. Idan mutum ya nemi shiga wata folda da ke hannun autofs, sai zuciyar tsarin ta dakatar da buƙatarsa na ɗan lokaci, ta sanar da manhajar automount, ita kuma ta duba jadawalinta ta ga daga wace uwar garke za a ɗauko abin, ta ɗora shi, sannan a saki buƙatar ta wuce. Idan an yi daƙiƙa 300 ba a taɓa foldar ba, kamar yadda aka saita a /etc/autofs.conf, sai a sauke ta.

Jadawalan hawa biyu ne. Akwai babban jadawali mai suna auto.master, wanda ke faɗin foldar da autofs zai riƙe da jadawalin da zai duba dominta, sai kuma ƙananan jadawalai waɗanda ke ɗauke da mabuɗi da wurin da za a samo shi. A wannan jami'a duk suna cikin FreeIPA, kuma manhajar SSSD da ke kan kowace kwamfuta ita ke ɗauko su ta miƙa wa autofs. Babban jadawalin layi uku ne:

/home auto.home
/bincike auto.bincike
/- auto.direct

Jadawalin auto.bincike yana da layi guda ga kowane aikin bincike, wanda ya shafe mu a ciki kuwa shi ne mabuɗin sentinel, da ke nuni zuwa garke1:/export/bincike/sentinel, wato wata folda a kan uwar garke mai suna garke1. Jadawalin auto.direct na kai tsaye ne, wato cikakkiyar hanya ake rubutawa a matsayin mabuɗi, kuma layi ɗaya ne a cikinsa, wanda ke ɗora manhajojin da kowa ke tarayya a kansu a /opt/manhaja don karatu kawai. Amfanin wannan tsari a fili yake: duk kwamfutar da ɗalibi ya zauna a gabanta zai tarar da fayilolinsa a hanya ɗaya, kuma idan cibiya ta sauya wani abu, sau ɗaya take sauya shi.

Farkon matsalar

A wani gini dabam, nesa da ɗakin na'urori, akwai ɗakin nazarin hotunan tauraron ɗan Adam mai manyan kwamfutoci uku, kowace da faifai mai sauri irin NVMe na terabait 4 da aka ɗora a /ajiya. Aikin ɗakin ya dogara ne kan hotunan Sentinel-2 na shirin Copernicus na Tarayyar Turai, wanda aka harba tauraronsa na farko a watan Yunin 2015. Kowane fegin hoto yana rufe faɗin ƙasa na kusan kilomita 110 a tsaye da 110 a kwance, nauyinsa ɗaruruwan megabait ne, kuma tarin da ɗakin ya tara a /bincike/sentinel ya kusa terabait 2.

Layin da ya haɗa ginin da ɗakin na'urori na gigabit 1 ne. A lissafi wannan megabait 125 ne a daƙiƙa, a aikace kuwa kusan 110 ake samu, kuma kwamfutocin uku ne suke rabawa. Karanta tarin gaba ɗaya sau ɗaya tak yana cin kusan awa 5 ko da kwamfuta ɗaya ce ke jan layin, alhali ayyukan ɗaliban suna komawa kan hotuna ɗaya sau da yawa. Ga shi kuma layin yana bi ta wata na'urar rarraba sadarwa a gini na tsakiya wadda ba ta da batirin ko-ta-kwana, don haka duk daren da aka ɗauke wuta ba a tayar da janareta ba, layin yakan yanke. Da yake an ɗora NFS da zaɓin hard, wanda shi ne na asali, ayyukan ba sa mutuwa, ba sa kuma ci gaba: suna tsayawa cik suna jiran uwar garke, rajistar tsarin tana nuna cewa garke1 ba ta amsawa kuma ana ci gaba da gwadawa. Ɗalibi yakan bar aiki da daddare, ya dawo da safe ya tarar da shi a fegin da yake tun tsakar dare.

Shugaban ɗakin ya nemi abu biyu daga jami'in fasahar sashen. Na farko, a mayar da hotunan kan faifan kowace kwamfuta, amma kada hanyar /bincike/sentinel ta sauya, domin an rubuta ta a cikin rubutattun umarnin ɗalibai da fayilolin aikinsu na QGIS, manhajar nazarin taswira, kuma waɗannan fayiloli ana buɗe su a sauran kwamfutocin sashen ma. Na biyu, ɗaya daga cikin kwamfutocin tana da katin sarrafa hoto wanda ke buƙatar wasu nau'o'in manhaja da suka bambanta da na tsakiya, kuma ana so a girka su a /opt/manhaja a kan wannan kwamfuta ita kaɗai. Foldar gida da sauran ayyukan bincike kuwa su ci gaba da zuwa daga tsakiya kamar kullum.

An kawo shawarar a sauya hard zuwa soft don ayyuka su daina maƙalewa, amma ba a ɗauka ba. Zaɓin soft yana mayar wa manhaja da kuskure bayan gwaji kaɗan, takardun NFS da kansu sun yi gargaɗin cewa yana iya lalata bayanai ba tare da an lura ba, kuma ba ya ƙara wa layi gudu ko kaɗan.

Mako na farko: /etc/fstab da mahaɗin alama

Jami'in ya kwafe hotunan zuwa /ajiya/sentinel a kwamfuta ta farko, sannan ya yi abin da ya fi kusa da hannu, wato ya ƙara layi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa abin da ake ɗorawa lokacin kunna kwamfuta, domin a ɗora /ajiya/sentinel a kan /bincike/sentinel da zaɓin bind, wanda ke nuna foldar gida a wata hanya ta biyu. Ya sake kunna kwamfutar, ba ta nuna kuskure ko ɗaya ba, kuma umarnin findmnt ya nuna cewa an yi ɗorin. Ɗalibai suka ci gaba da aiki, amma gudu bai sauya ba, da wuta ta ɗauke kuma aikin ya sake tsayawa.

Umarnin df a kan foldar ne ya tona abin da ke faruwa, domin ya nuna garke1 a matsayin tushe maimakon faifan gida. Lokacin kunna kwamfuta, systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan tsarin, yana ɗora abubuwan da ke cikin fstab tun da wuri, kafin autofs ya tashi. Da autofs ya tashi sai ya ɗora nasa tsarin a kan /bincike gaba ɗaya, ya lulluɓe duk abin da ke ƙasa, kamar an shimfiɗa tabarma a kan ƙwarya: ƙwaryar tana nan, amma mai tafiya tabarmar yake takawa. Duk wanda ya nemi /bincike/sentinel bayan haka autofs yake tambaya, autofs kuma jadawalin tsakiya yake dubawa.

Daga nan ya gwada ƙirƙirar mahaɗin alama, wato ƙaramin fayil da ke nuni zuwa wata folda, a cikin /bincike da umarnin ln -s, aka hana shi duk da cewa da ikon root, asusun da ya fi kowa iko a kwamfutar, yake aiki. Foldar da autofs ke riƙe ba ta karɓar sabon abu daga kowa in ba daga automount ba.

Mako na biyu: taɓa jadawalin tsakiya

Jami'in yana da izinin gyara mabuɗan ayyukan sashensa a FreeIPA. Ya kammala kwafin hotunan a kwamfutocin uku, sannan ya sauya mabuɗin sentinel na tsakiya zuwa -fstype=bind :/ajiya/sentinel, bisa tsammanin cewa kwamfutar da ba ta da wannan folda za ta koma ga uwar garke da kanta. Jadawalin ba ya aiki haka. Layi ɗaya ne ga mabuɗi ɗaya, kuma kowace kwamfuta tana aiwatar da shi yadda ta same shi.

A ɗakin hotuna abin ya yi kyau nan take. A sauran sashen kuwa ƙorafi ya fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba lokaci guda ba, abin da ya sa aka ɗauki lokaci kafin a gane tushensa. Dalilin shi ne SSSD yana ajiye jadawalan da ya ɗauko na tsawon daƙiƙa 5400, wato minti 90, kafin ya sake tambayar FreeIPA, don haka kowace kwamfuta ta ga sabon layin ne a lokacin da ajiyarta ta ƙare. Waɗanda kuma suke da fayil a buɗe cikin foldar ba su ga komai ba, domin autofs ba ya sauke ɗorin da ake aiki da shi. Malama ɗaya tana aiki lafiya, maƙwabcinta a ofis ɗaya ana ce masa babu wannan folda.

An mayar da layin yadda yake, amma gyaran ma bai isa ko'ina nan take ba, saboda ajiyar nan ɗaya. Sai da aka bi kwamfutocin da abin ya shafa da umarnin sss_cache -A, wanda ke soke ajiyar jadawalan autofs, a wasu kuma aka jira daƙiƙa 60 ɗin da autofs ke riƙe mabuɗin da ya gaza kafin ya yarda ya sake gwada shi. Bayan wannan rana cibiyar ta sharɗanta cewa kada a sake taɓa jadawalin tsakiya saboda buƙatar ɗaki ɗaya.

An kuma tattauna a mayar da ɗaya daga kwamfutocin ukun uwar garken hotunan ga kowa. A fasahance hakan yana yiwuwa, domin idan autofs ya ga cewa sunan uwar garken da ke layi nasa ne, yakan ɗora foldar kai tsaye ba tare da bi ta hanyar sadarwa ba. Amma hakan zai sa sashen gaba ɗaya ya rataya a kan ginin da layinsa ke yankewa, kuma kwamfuta ɗaya kawai cikin ukun za ta sami cikakken gudu.

Mako na uku zuwa na bakwai: keɓantaccen wuri a FreeIPA

FreeIPA yana ba da damar a ƙirƙiri wurare dabam-dabam na automount, kowane da nasa jadawalan, kowace kwamfuta kuma a nuna mata wurin da za ta bi ta saitin ipa_automount_location a sssd.conf. Mai kula da tsarin a cibiya ya ƙirƙiri sabon wuri domin ɗakin hotuna da umarnin ipa automountlocation-add. Sabon wuri ba ya gadon komai daga na asali, sai auto.master da auto.direct marasa mabuɗan aiki, saboda haka aka kwafi auto.home da auto.bincike mabuɗi bayan mabuɗi, aka sauya layin sentinel kaɗai.

Wannan ya yi aiki, kuma na makonni uku babu wanda ya yi ƙorafi. A mako na shida cibiyar ta yi gyara biyu a jadawalin asali: ta ƙara mabuɗin wani sabon aiki, ta kuma ƙaurar da wani tsohon aiki daga garke1 zuwa garke2 saboda ƙarancin wuri. Ba wanda ya tuna da jadawali na biyu. Rashin sabon mabuɗin an gano shi da wuri, domin ɗalibi ya nemi foldar bai samu ba. Ƙaurar ce ta yi ɓarna, saboda an bar tsohuwar foldar a garke1 na ɗan lokaci don kariya, kuma kwamfutocin ɗakin hotuna sun ci gaba da rubutu a cikinta ba tare da wata alamar kuskure ba, yayin da sauran sashen ke rubutu a garke2. Sai da wani ɗalibi ya ce sakamakon da ya adana jiya bai ga shi a ofishin mai duba aikinsa ba aka fahimci cewa aikin ya rabu gida biyu. Haɗa kwafin biyun ya ci kwanaki, domin akwai fayilolin da aka gyara a ɓangarorin biyu, kuma dole masu su ne za su zauna su zaɓi wanda za a riƙe.

Buƙata ta biyu ma ba ta biya ba ta wannan hanya, domin kwamfuta ɗaya ce ke son a cire mata /opt/manhaja, kuma hakan zai buƙaci wuri na uku da kwafi na uku. Aka mayar da kwamfutocin wurin asali, aka goge sabon.

Mako na takwas: layin gida da ba a karantawa

A nan ne aka koma ga damar da autofs da kansa ya tanada. Ƙa'idarsa a babban jadawali ita ce, idan folda ɗaya ta bayyana sau biyu, layin da aka fara karantawa shi ake ɗauka, na biyun a yi watsi da shi a rubuta hakan a rajista. Fayil ɗin /etc/auto.master da ke zuwa da tsarin yana da layin +dir:/etc/auto.master.d a sama, da layin +auto.master a ƙarshe. Na farkon yana shigo da fayilolin da ke cikin waccan folda, na ƙarshen kuma yana shigo da babban jadawalin tsakiya. Ke nan duk abin da aka rubuta a gida ya kamata ya riga na tsakiya.

Jami'in ya ƙirƙiri /etc/auto.master.d/bincike.autofs, yana lura da cewa dole sunan ya ƙare da .autofs in ba haka ba ba za a duba shi ba, ya sa masa layi ɗaya:

/bincike /etc/auto.bincike-gida

Ya rubuta mabuɗin sentinel a sabon jadawalin, ya sake tayar da autofs, amma babu abin da ya sauya. Umarnin automount -m, wanda ke zayyana jadawalan da manhajar ta karanta da tushen kowanne, ya nuna /bincike yana zuwa daga sss, wato SSSD, kuma ko alamar fayil ɗin gida babu a jerin, har da layin /misc da ke cikin /etc/auto.master tun asali. Wannan ya nuna cewa matsalar ba a sabon fayil take ba: /etc/auto.master ɗin ne gaba ɗaya ba a buɗe shi.

Amsar tana cikin /etc/nsswitch.conf, a layin da ke cewa automount: sss files, inda files ke nufin fayilolin da ke kan kwamfutar kanta. Shi kansa babban jadawalin da suna ake nemansa, bisa jerin da wannan layi ya tsara. Da aka tambayi SSSD aka sami auto.master a wurinsa, neman ya ƙare a nan, ba a taɓa isa ga fayilolin gida ba. Jami'in ya juya jerin da hannu zuwa files sss, ya sake tayar da autofs, sai automount -m ya nuna /bincike yana bin /etc/auto.bincike-gida, sauran layukan biyu kuma suna zuwa daga tsakiya ta hanyar +auto.master.

Gyaran bai kai ƙarshen mako ba ya ɓace. A wannan tsari wata manhaja mai suna authselect ce ke rubuta nsswitch.conf, kuma cibiyar tana da aikin Ansible, manhajar saita kwamfutoci da yawa daga wuri guda, da ke zagayawa kowane mako yana tilasta saitin sssd a kan duk kwamfutoci, wanda ya mayar da layin yadda yake. Fayil ɗin user-nsswitch.conf, inda aka yarda mai kwamfuta ya sa nasa saiti, bai taimaka ba, domin automount yana cikin layukan da saitin authselect ke dannewa, tare da passwd da group da netgroup da services. Mafitar da aka yi ittifaƙi a kanta da cibiyar ita ce a ƙirƙiri saiti na musamman da umarnin authselect create-profile bisa tushen na sssd, a juya jerin a cikinsa, sannan a gaya wa Ansible cewa waɗannan kwamfutoci uku shi za su bi.

Mako na tara: jerin layuka a cikin ƙaramin jadawali

Da layin gida ya fara aiki, sai wata matsala ta fito: /bincike/sentinel yana zuwa daga faifan gida, amma duk sauran ayyukan bincike sun ɓace daga kwamfutocin uku. Layin gida ya maye gurbin na tsakiya ɗungurungum, kuma jadawalin da ya nuna mabuɗi ɗaya ne a cikinsa. Ana bukatar a shigo da jadawalin tsakiya cikin na gida da layin +auto.bincike.

Da farko an sa wannan layi a sama, sai hotuna suka koma zuwa daga garke1, domin autofs yana bin fayil ɗin daga sama zuwa ƙasa, kuma ya sami mabuɗin sentinel a jadawalin tsakiya kafin ya iso na gida. Da aka mayar da shi ƙasa komai ya daidaita. An kuma ƙara mabuɗi na biyu domin a riƙa ganin kwafin uwar garke ta wata hanya, tunda tsohuwar hanyar yanzu ta gida ce. Fayil ɗin ya tsaya a haka:

sentinel -fstype=bind :/ajiya/sentinel
sentinel-asali -ro garke1:/export/bincike/sentinel
+auto.bincike

An zaɓi sunan auto.bincike-gida da gangan don ya bambanta da na tsakiya, aka kuma tabbatar babu wani fayil mai suna /etc/auto.bincike ko /etc/auto.home da ke kwance a kwamfutocin, domin tunda files ya koma gaba, duk fayil mai irin wannan suna za a fara duba shi kafin a tambayi SSSD.

Buƙata ta biyu layi ɗaya ta ci. A kwamfutar da ke da katin sarrafa hoto aka ƙara wani fayil a /etc/auto.master.d mai ɗauke da wannan:

/opt/manhaja -null

Jadawalin -null yana gaya wa autofs ya tsallake layi na gaba da ya zo da wannan hanya, kuma yana aiki a kan hanyoyin jadawalin kai tsaye kamar yadda yake aiki a kan manyan foldoji irin /home. Layi ɗaya kawai yake sokewa, don haka da hanyar ta bayyana sau biyu a tsakiya, ta biyun za ta yi aiki. Da aka soke shi, /opt/manhaja ta zama folda ta yau da kullum a faifan kwamfutar, aka girka manhajojin a ciki.

Kafin a aiwatar da sauye-sauyen ƙarshe an sanar da ɗalibai su tsayar da ayyukansu, aka duba da fuser -m cewa babu mai riƙe da fayil a tsohon ɗorin NFS, aka sauke shi da hannu, sannan aka sake tayar da autofs. An yi haka ne saboda ɗorin da ake amfani da shi yakan zauna daram ko an sauya jadawali, kuma da an bar shi, gwajin zai nuna tsohon sakamako. An gwada abu huɗu a kowace kwamfuta: df ya nuna faifan gida a /bincike/sentinel, wani aikin dabam ya buɗe daga uwar garke, foldar gida ta buɗe, kuma wani mabuɗin gwaji da cibiyar ta ƙara a tsakiya ya bayyana bayan sss_cache -A ba tare da an taɓa fayil ɗin gida ba.

Watannin da suka biyo baya

Hotunan yanzu suna wuri huɗu, kuma na uwar garke ne kaɗai ke shiga ajiyar ko-ta-kwana ta cibiya. Saboda haka aka yanke cewa kwafin garke1 shi ne asali, sababbin hotuna a can ake sauke su, kuma wani aikin dare na rsync, manhajar daidaita folda biyu su zama iri ɗaya, yana kwafo bambancin daga /bincike/sentinel-asali zuwa /ajiya/sentinel. An ba wani asusu na musamman mallakar kwafin gida, aka cire wa ɗalibai ikon rubutu a cikinsa, domin duk abin da aka adana a can rsync zai share shi a daren da ya biyo baya, kuma babu inda za a dawo da shi. Lambobin masu amfani ba su kawo cikas ba, tunda FreeIPA ɗaya ke raba su ga kowace kwamfuta.

Karatun hotuna ya daina bi ta layin gigabit 1, ayyukan dare kuma sun daina tsayawa a kan hotuna. Sa'ad da cibiyar ta sake ƙaurar da wani aiki zuwa garke2, kwamfutocin ukun sun bi sauyin tare da kowa. Fayilolin gida guda huɗu, wato biyun da ke auto.master.d da ƙaramin jadawalin da saitin authselect, an shigar da su cikin Ansible na cibiya, kowanne da bayani a samansa na dalilin sa shi da ofishin da za a tuntuɓa kafin a cire shi.

Hukunci

Gwaje-gwajen farko biyu sun gaza ne saboda an yi su a wurin da bai dace ba. Fstab da mahaɗin alama ƙoƙari ne na kewaye autofs a cikin foldar da shi ke iko da ita, gyaran jadawalin tsakiya kuwa ɗora wa sashe gaba ɗaya buƙatar ɗaki guda ne. A ganina kuskuren da ya fi tsada shi ne na uku, duk da cewa shi ya fi kama da aikin ƙwararru, domin shi kaɗai ne ya taɓa bayanan bincike, kuma ya yi hakan shiru. Keɓantaccen wuri a FreeIPA ya dace da reshen jami'a mai tasa uwar garke, inda yawancin layuka suka bambanta da gaske. Inda bambancin mabuɗi ɗaya ne, kwafe jadawali gaba ɗaya yana nufin an ɗauki alkawarin gyara abu biyu duk lokacin da aka gyara ɗaya, kuma babu wata na'ura da ke tunatar da mutum wannan alkawari.

Hanyar da ta yi nasara ta yi ne saboda ta bi ƙa'idar wanda aka fara karantawa a hawa uku da take aiki: jerin tushe a nsswitch.conf, jerin layuka a babban jadawali, da jerin mabuɗai a ƙaramin jadawali. Kuskure a hawa na sama yana ɓoye duk abin da aka yi daidai a ƙasa, shi ya sa ya kamata automount -m ya zama umarni na farko da ake bugawa kafin a rubuta ko layi ɗaya. Da an buga shi a makon farko, da an ga tun a lokacin cewa ba a karanta /etc/auto.master. Layin +auto.bincike kuma shi ne ya sa keɓewar ta tsaya a mabuɗi ɗaya ba ta zama ɓallewa ba.

Ba na ganin daidai ne a ɗauki wannan hanya a matsayin mara tsada. Wanda ya duba FreeIPA ba zai ga cewa kwamfutoci uku suna yin wani abu dabam ba, kuma mabuɗin sentinel-asali yana ɗauke da sunan garke1 a rubuce a gida, don haka ranar da aka ƙaurar da hotunan zuwa wata uwar garke dole a gyara shi da hannu, in ba haka ba rsync zai ci gaba da kwafo tsohon tari. An rubuta wannan a takardar ƙaura ta cibiya. Haka kuma foldar gida har yanzu ta wancan layi take zuwa, saboda haka idan ya yanke ba a iya shiga kwamfutocin da sauƙi, kuma duk aikin da ke rubuta sakamakonsa a /home yakan tsaya. An umarci ɗalibai su riƙa rubuta sakamakon dare a /ajiya/aiki su kwashe shi da safe, sashen kuma ya rubuta wa hukumar jami'a takardar neman batiri da inbata domin na'urar rarraba sadarwa da ke ginin tsakiya.